Kafintan da Ya Tsaya Auna Giya

Bayan mun share makokin yayana, wani dattijo ya ji ina cewa ba zan ɗauko Inna daga ƙauye ba sai na gama gyara mata ɗaki yadda ya kamata. Ya gyara zama, ya ba ni wannan misali, ga shi yadda na riƙe shi.

An yi wani kafinta a wani gari na kan tudu, cikin Kiristocin wurin, mutumin da ba ya ɗora zarto a katako sai ya auna sau uku. Ƙofar da ya yi ba ta cijewa, ba ta kuka. Ubansa tsohon mai haƙar kuza ne, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, abinci ya daina shiga sai kunu cokali biyu. Wata safiya tsohon ya ce abu guda yake marmari: giyar inabin nan mai araha da shi da marigayiya matarsa suke raba kofi ɗaya duk Kirsimeti. Bai san sunanta ba, don bai iya karanta takardar jikin kwalba ba. Ya ce dai ja ce, ba ja ƙwarai ba, tana shiga da zaƙi ta bar ɗan tsami a bayan harshe. Kafinta ya ce to, Baba, za a samo.

A bakin kasuwa akwai wata mata mai shagon giyar inabi, irin ta masu ƙaramin ƙarfi. Duk Asabar da hantsi takan buɗe kwalba uku ko huɗu, ta tsiyaya wa mai son ɗanɗanawa a ɗan kofin da bai fi murfi ba, ga ruwa da gutsuren burodi a gefe don wanke baki. Kafinta ya je da guntun farin katako a aljihu. Kowace ya kurɓa, sai ya ɗiga ɗigo ɗaya a katakon, ya ja layi da fensirin kunnensa, ya ɗaga wa rana ya duba launi, kamar yadda yake haɗa sabon katako da tsoho. Ta farko zaƙinta ya yi yawa, sai ka ce an jiƙa alewa. Ta biyu ta ɗaure masa baki kamar ɗanyar kanya. Ta uku ta yi kusa, amma ta yi duhu kamar zoɓon da ya kwana.

Mai shago ta ce, "Kafinta, baban naka kwalba ya ce ko ƙofa? Ai ba sai ta shiga daidai ba. Ɗauki ta ukun nan ka kai wa tsoho."

Ya ce, "Mama, abu ɗaya ya taɓa roƙona. Ba zan kai masa na kusa da shi ba."

Ya koma gida hannu sake. Da ya shiga ɗakin, tsohon bai dubi fuskarsa ba, hannunsa ya duba. Kafinta ya ce an kusa. Tsohon ya juya wajen bango.

Asabar ta biyu aka buɗe wasu huɗu. Ya kurɓa, ya wanke baki, ya ci burodi, ya sake kurɓa. Biyu suka tsaya masa, ɗaya ta fi kama a launi, ɗaya ta fi kama a tsami. Ya jera su a kan kanta ya yi ta kallo har masu saye suka fara zagaye shi. Mai shago ta ce ko mai neman aure bai yi wannan dogon zaɓe ba, ya kwashe duka biyun tsoho ya zaɓa da bakinsa. Kafinta ya girgiza kai. A sana'arsu ba a kai wa mai aiki ƙofa biyu a ce ya gwada. Ya ji an ce akwai sabbin kaya a hanya, ya ce zai jira su. A makon nan kunun tsoho ya koma cokali ɗaya.

Asabar ta uku ya same ta. Ja ce, ba ja ƙwarai ba, ta shiga da zaƙi ta bar tsaminta a baya, daidai yadda aka faɗa. Ya naɗe ta a riga ya nufi gida da sauri, ya wanke kofi, ya zuba rabi. Amma tun Alhamis maƙogwaron tsoho ya rufe, ko ruwa ba ya wucewa. Kafinta ya yagi gefen farin ƙyalle, ya tsoma a kofin, ya shafa a busassun leɓɓan ubansa. Tsohon ya lasa a hankali, ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Wane magani ne kuma wannan?"

Harshen ya riga ya tafi, ya bar mai shi a baya. Kwana biyu bayan nan shi ma ya bi.

Dattijon ya kaɗe rigarsa. Ya ce kafintan ba mugun ɗa ba ne, kuma bai yi kuskure a awonsa ba ko na tsinin allura. Ya auna zaƙi, ya auna tsami, ya auna launi, bai auna kwanakin mai jira ba. A Asabar ta farko, da mai shago ta ce wa kafinta ya ɗauki kwalba ta uku, tsoho yana iya haɗiya. Shi ya sa Hausawa suka ce, da babu gara ba daɗi.