Kuncin Dama na Maman Dasom

"Maman Dasom, ki daina zama a karkace, wuyanki zai ƙage," in ji mijinta a hankali.

"Ci kimchinka, malam," ta ce.

Yau ne iyayen Dasom suka fara haɗuwa da iyayen saurayinta Gyuwon, a wani gidan abinci a Seoul. Maman Dasom ta rantse uwar yaron ba za ta fi ta ƙuruciya ba, shi ya sa ta shiga gwajin sabon man fuska a asibitin fata. Sai dai ƙa'idar binciken ita ce a shafa a kunci ɗaya, a bar ɗayan don kwatantawa. Man kuwa ya yi aiki. Kuncin dama ya yi sumul, na hagu yana nan da shekarunsa.

Don haka kuncin dama kaɗai take nuna wa surukai. Amma Maman Gyuwon ma bango take kallo.

"Ka ga girman kai?" Maman Dasom ta raɗa wa mijinta. "Ko kallona ba ta yi. A fasa auren nan!"

Sai mai kawo abinci ya saki faranti, tas! Matan suka waiwaya tare, suka yi ido huɗu.

Maman Gyuwon ta ƙura mata ido, sannan ta shafa nata kuncin.

"Ke ma kin shiga gwajin man nan? Ke na dama aka ba ki? Ni na hagu."

"To, ranar biki ku haɗa kai a hoto," in ji Baban Dasom, "a samu budurwa ɗaya cikakkiya."