Wai Na Warke

"Cire hannu daga kunnen nan," Inna ta daka wa 'yata Naja'atu tsawa.

Gidan suna muke a unguwar Darmanawa. An ƙure lasifika, mata sai guɗa suke yi. Yarinyar ta raɓe a bayan ƙofa, ta toshe kunnuwa tana jijjiga jiki. Wata ta ce aljanu ne, wata ta ce sangarta ce kawai.

Inna ta juyo kaina. "Balaraba, ke ma haka kika yi kina ƙarama, bulala ce ta warkar da ke. Dube ki yanzu, ga fara'a ga kunya, duk unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da ke ake misali. Ba ni ita wata ɗaya."

Fara'ar a gaban madubi na koye ta. Kunyar kuwa, haɗa ido da mutum ne ba na iyawa.

A gaban kowa na ɗage ɗankwalina, na zaro audugar da ke cushe a kunnuwana, na sa wa 'yata.

"Ban warke ba, Inna. Ɓoyewa na koya don ki daina dukana. Ita ba za ta koya ba."