Tsibin Duwatsu a Bakin Kogi

Tun a ƙofar gandun dajin ran tsohuwar ya ɓaci, da aka ce ita ma sai ta yanki tikiti. Shekara uku tana damun jikarta ta kawo ta bakin kogin nan kafin ƙafafunta su ƙi ta. Jikar ta ja hannunta, suka bi sahun sauran baƙi.

Jagoran baƙin, mai koren kaki da sanda, ya kafa doka: ba a sauka daga hanya, wanda ya yi gardama mota zai koma.

Hanyar ta gangara tsakanin tsaunuka, kogin na ruri a ƙasa. Samari na zamewa suna dafa juna. Tsohuwar ko duba inda take takawa ba ta yi.

Jagoran ya nuna wani lotsattsen dutse, ya ce ruwan sama ne ya cinye shi a hankali.

"Ruwan sama niƙa yake yi?" in ji tsohuwar.

Aka kwashe da dariya. Jagoran ya haɗe rai.

"Kaka, don Allah," in ji jikar.

A bakin kogin akwai wani ɗan tsibin duwatsu. Nan jagoran ya gyara murya. Shekara hamsin da suka wuce, ya ce, da aka tashi mutanen kwarin don a yi gandu, kowa ya tafi da murna, sai wata mahaukaciya da ta ƙi, ta faɗa ruwa. Wannan kabarinta ne, in ji shi, duk mai son hoto ya matso.

Wani saurayi ya ɗora ƙafa a kai, dutse ɗaya ya gangaro. Tsohuwar ta fizge sandar jagoran ta zabga masa a ƙwauri.

"Sauka, mara mutunci."

"Iya, kin gama yawo," in ji jagoran. "Mota za ki koma yanzun nan."

Ba ta ko kalle shi ba. Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗauki dutsen, ta juya shi ta mayar. Ya zauna daram.

"Kai mai kaki, ka taɓa ganin babbar mace da kabarinta bai kai kamu biyu ba?"

Ta dafa duwatsun, ta ci gaba.

"Mahaukaciyar taku ba ta faɗa ruwa ba, ƙarti huɗu ne suka jefa ta a mota. Wanda ke kwance a nan ɗana ne, kwanansa arba'in a duniya, kuma da hannun nan na jera duwatsun."