Ƙoƙon Bayan Randa

Ranar sunan jikan mai garinmu, can ƙasar Gummi, na bi Inna gidan, don ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar. Da la'asar anka kawo fura. Mata na sha da ludayi ɗaya, mu ko Hajiya, matar mai gari, ta jawo mana wani fasasshen ƙoƙo daga bayan randa. Shi ake aje wa irinmu, da ake kira jikokin bayi. Har yau in na tuna ƙoƙon nan, zuciyata tafasa take.

Ina jin ƙishi, na miƙa hannu. Inna ta buge shi, ta dubi Hajiya.

"Hajiya, hannuna ya yanke cibiyar jikanki, ba ki ce ƙazanta ba. Sai bakina?"

"Haba Tumba, haka munka taras."

"To ku nemi wata ungozoma."

Ta miƙe. Matan unguwarmu masu daka sunka yar da taɓare, sunka bi ta, ga baƙi na jiran tuwo. Kafin mu kai zaure, Hajiya ta biyo mu da ƙwarya da ludayin.

Inna ba ta sha ba. Ni ta ba, ta ce, "Sha sannu, su gani."