Saura Nama, Saura Kayan Zaƙi

Da aka ajiye mini faranti na uku, sai na ɓoye hannuna a ƙarƙashin tebur har rawarsa ta lafa.

Na san dalilin da 'yata da mijinta suka kawo ni wannan gidan abinci na 'yan Italiya. Hannun suke so su gani. In cokali ya kuɓuce mini, magana ta ƙare: tsoho ba zai iya zama shi kaɗai ba, sai ya bar gidansa ya koma benensu.

Taliya ce a farantin, baƙa wuluk. Mai hidima ya ce da tawadar wani kifi aka rina ta. Na so in tambaye shi me kifin yake rubutawa a ƙarƙashin ruwa, amma na kame bakina, kada a ce na fara ruɗewa.

Na nannaɗe ta a hankali na cinye, ko ɗigo bai taɓa rigata ba.

"Kun gani ko? Mu tafi gida."

"Haba Baba, nan ba a sauri," in ji surukina. "Saura nama, saura kayan zaƙi."

Wayar 'yata ta yi ƙara. Ta kau da kai, amma hannuna ne ya tsufa, ba kunnena ba. Muryar wani ƙato ce.

"Mun loda gadon Baba da akwatunansa. Tsohon agogon bangon nan da ba ya tafiya fa, a ɗauka ko a bari?"

Ta dube ni, ta yi murmushi.

"A bari," ta ce.