Gogen Baba a Bayan Rumbu

Kowa a Dogon Dutsi cewa yake giya ce ke kaɗa gogen babana, wai in bai sha ba iskoki ba su sauka wurin bori. Ƙarya ce, ni na gani.

Ina shekara tara, wata la'asar na iske shi bayan rumbu, idonsa garau, yana goga ƙaro a izgar goge. Har yau ina jin ƙamshin ƙaron nan. Kiɗi guda ya yi ta maimaitawa, ya yanke, ya sake, har na gaji da tsayuwa. Ban taɓa jin gogen ya yi daɗi haka ba.

Na ce, "Baba, yau ba ka sha ba."

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ke ɗiyag ga, bakinki ya yi yawa. Nan nika yin kiɗina. Waccan giya ta tsoron idon mutane ta."

Giyar ta cinye hantarsa kafin in shiga kwaleji.

Ran Asabar zan rera waƙata ta farko gaban jama'a. Jiya mai studiyo ya miƙo mini ƙwayar tramol, wai in sha murya ta buɗe, ai gado na yi. Na mayar masa da abinsa. Na san tsoron idon mutane zai kama ni. Da tsoron nawa zan hau dandamali.