Huɗu Cikin Goma

Huɗu cikin goma. Hafizullahi ya sake kunna saƙon a shagonsa na gyaran waya da ke bakin kasuwar Isa, wai ko makin zai ƙaru a ji na biyu. Ina! Huɗun nan dai ce.

Wata bakwai ya kwashe yana haɗa wasan nan na waya, Garken Gobir, inda mai wasa ke kora shanu daga Kamarawa zuwa rijiya ba tare da sun faɗa gonar kowa ba. Masu shirya baje kolin wasanni a Sakkwato sun ce ba za a karɓi wasa ba sai alƙalai uku sun ba shi bakwai ko fiye. Biyu sun ba shi takwas, har ɗayansu na rantsuwa bai taɓa ganin ƙahon saniya mai kyau haka a waya ba. Na ukun, wani Attahiru mutumin Sabon Birni, shi ya tsaya masa a wuya.

Ga kuma alkawarin da ya ɗaukar wa mahaifinsa: in wasan bai shiga ba, zai rufe kwamfuta ya bar abin da tsohon ke kira kiwon shanun ƙarya. Mako uku ya rage a rufe karɓa.

Shi Attahirun nan ba ya rubuta sharhi kamar sauran alƙalai. Saƙon murya yake turowa, kullum kuma da wata murya a bayansa tana zuba surutu da gudu kamar rediyon da ya haukace.

“Shanun ga na Turai ne,” in ji shi a saƙon. “Saniyarmu ba ta kuka haka. Guga na hwaɗawa rijiya shiru, awa an jehwa shi cikin auduga. Maɓallin kora kuma, kowane mataki sai ya yi ƙaura. Yatsa ya tahi inda ya saba, ya iske wayam.”

Ran Hafizullahi ya ɓaci ƙwarai. Hassada ce kawai, ɗan Sabon Birni ba ya son ɗan Isa ya yi suna! To bari ya nuna masa aiki. Kwana tara yana zane. Ya ƙara wa shanun tozo, ya sa jelarsu tana korar ƙuda, ya zuba wa yammacin Kamarawa wani jan gari na faɗuwar rana da shi kansa sai da ya tsaya kallo. Ya tura haɗe da saƙon murya, yana hura hanci.

Amsa ta zo washegari. Huɗu. “Ban ji abin da ka canza ba,” in ji Attahiru, ya kashe.

Matarsa Sadiƙa, wadda ta tashi a rugar iyayenta kusa da Unguwar Lalle, tana tsince shinkafa lokacin da ya kunna mata wasan don ta taya shi jin haushi. Saniya na yin kuka sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

“Wallahi gaskiya mutumen ga ya hwaɗi. Wanga kuka ko maraƙi ba shi amsa shi. An ce maka miya ba gishiri, kai ko kana ta goge kwano!”

Abin ya yi masa zafi, amma ya shiga kunnensa. Ranar kasuwa aka ga Hafizullahi a kara, wajen cinikin shanu, yana bin wata farar saniya da waya a hannu, ita ko ta rantse ba za ta yi kuka ba, dillalai na ta yi masa tsiya. Sai da aka ja ɗanta gefe sannan ta saki murya. Ya je Kamarawa ya naɗi faɗuwar guga da kukan igiya a bakin rijiya. Surukinsa ya yi masa kiran shanu irin na makiyaya. A cikin wasan kuma, Hafizullahi ya sa karan gero ya riƙa ƙara in saniya ta doshi gona, wayar kuma ta yi rawa a hannu. Maɓallin kora ya kafe shi wuri guda.

Da ya gwada, abin mamaki, sai ya ga yana cinye mataki uku ba tare da ya zura wa wayar ido ba. Ya tura ana saura kwana biyu.

Tara cikin goma! Tsohonsa ma sai da ya karɓi wayar ya kora shanun ƙarya har rijiya.

Hafizullahi ya ce lallai sai ya je godiya. Ya buga hoton yammacin Kamarawa babba, aka sa masa gilashi, ya ɗaura a bayan mashin sai Sabon Birni. Ko ba komai, yau mutumin nan zai yaba zanensa.

Ya same shi a zaure, dattijo mai fara'a, waya a hannu yana ta dannawa, fuskarta baƙi ƙirin, shanu na kuka a ciki, muryar nan mai gudu ma ashe daga wayar take fitowa. Hafizullahi na yin sallama Attahiru ya ce, “Mai shanu! Maraba, na gane muryarka.”

Bayan gaisuwa Hafizullahi ya miƙa masa kyautar da hannu biyu. Attahiru ya karɓa, ya bi gefunanta da yatsa, ya ƙwanƙwasa gilashin, ya yi murmushi.

“Hoto ne ko? Madalla. To zauna ka hwaɗa mini abin da ke ciki, don ni rabona da gani tun da ƙyanda ta kama ni ina ɗan shekara shida.”